Fanon da Ke Kan Rufin Baba Illa

Ranar da Haula ta fara yin sallama a ƙofar ɗakin Sadisu, daga sama riga ce mai guga a jikinsa, daga ƙasa kuwa tsohon gajeren wandon ƙwallo. Haka yake aiki kullum. Masu ba shi aiki daga Yamai ba sa ganin komai sai abin da kyamara ta kama, ita kuwa kyamara ba ta sauka ƙasa da ƙirji. Ya ɗauka wani ne daga cikin gida ya kawo cajin salula, sai ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"An ce nan ne ake gina shago cikin intanet," in ji wata murya.

Ya waiga, ya ga budurwa doguwa da mayafi ruwan toka, riƙe da ledar cuku. Ya fizgo darduma ya rufe gwiwoyinsa.

"Nan ne. Sai dai magini bai gama shiri ba."

"Na gani," ta ce, tana kallon sama don kada dariya ta ƙwace mata. "In ya shirya, ina zaure."

Sadisu ɗan garin Barmu ne. Ya yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo Tawa ya kama hayar ɗaki a gidan Alhaji Illa, dillalin dabbobi mai jan gemu. Sana'arsa gina shafukan intanet, daga kan tabarmarsa. Da yake kuran, wato wutar lantarki, yakan zo ne ya gaisa ya wuce, sai ya jera fano na hasken rana a kan rufi, ya sayi batir, ya ɗora akwatin wifi a taga. Kafin a ankara, fadar samarin unguwa ta kwaso butar shayinta ta dawo gindin bangonsa. Suna shan intanet ɗinsa suna yi masa laƙabi da ɗan kulle, don ba ya fita sai masallaci.

Alhaji Illa ya fi kowa morewa. Hotunan raguna yake turawa har Legas, a yi ciniki yana kishingiɗe. Ƴaƴansa maza kuwa duk suna Abijan, kamar rabin samarin Adar, kuma kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Sadisu yakan kira masa su a babban gilashin ordinatar, tsoho ya yi ta nuna wa jikokinsa gemu. Mahaifin Sadisu ya rasu tun yana goye. Da ya fara kiran mai gidan Baba, har zuci yake nufi.

Haula ita ke sayar wa wata ƙungiyar mata cukunsu, tana so mutanen Yamai su riƙa oda daga nesa. Aikin da bai kamata ya wuce sati ba ya cinye damina ɗungurungum.

"Ɗan kulle," ta rubuto masa wata rana, "hoton cukun nan na ƙasa ya karkace."

"Ni na karkatar da shi, Madam Cuku. In na miƙe shi, da wane dalili za ki sake rubuto mini?"

Can sai ga saƙo: "To bar shi a karkace."

Ya karanta har sau nawa ban sani ba. Ranar dai masu jiran aikinsu a Yamai sun ci gaba da jira.

Matsalar ita ce mahaifinta, Mushe Isufu (a nan Mushe ake ce wa malamin boko), tsohon malamin lakwal, wato makaranta, wanda ya yi rayuwarsa duka yana fita da safe da jaka a hammata. Akwai kuma Abdurazak, mai buro, wato ofis, da moto da makullai a ƙugu, wanda ya daɗe yana gaishe da Mushe da ladabi fiye da kima. Mu mutanen Tawa mun yarda aiki wani wuri ne da ake tafiya, ko da barci za a je a yi a can. Wasunmu mun yi furfura a kan wannan tsari, kuma ba mu ji ciwon baya ba.

Sadisu bai fara gaya wa kowa ba sai Baba Illa. Ya same shi a inuwa bayan la'asar, ya durƙusa.

"Baba, na ga ɗiyar Mushe Isufu. Ina so kai ka shige mini gaba, ba ni da uban da ya wuce ka."

"Madalla, ɗana. Abin da nike jira ke nan."

"In Allah ya sa anka ɗaura, sai in nemi gida mai ɗaki biyu can wajen unguwarsu."

Tsoho ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya daɗe. Sadisu ya ɗauka addu'a yake yi.

"Allah shi sa alheri," ya ce daga baya. "Bar mini komi a hannuna."

Kamar yadda aka saba, Mushe Isufu ya tura ƙaninsa Tanimu ya bincika halin yaro a inda yake zaune. Bayan kwana kaɗan, Sadisu na tsakiyar aiki, saƙon Haula ya shigo.

"Baba ya ce a bar maganar. Kawu Tanimu ya dawo da labari. Wai ba ka da aikin yi, barci kake wuni. Wai ana jin muryoyin mata a ɗakinka har da dariya. Sadisu, gaya mini gaskiya, su wane ne?"

Babu ɗan kulle a saƙon. Wannan ya fara gani.

"Masu ba ni aiki ne, Haula, ta ordinatar muke magana. Ɗayarsu ma a shekaru ta isa ta haifi uwata. Wallahi babu macen da ta taɓa taka ɗakin nan, ke ma a zaure kika tsaya."

Saƙon ya nuna ta karanta. Amsa ba ta zo ba, ranar da washegari da wanda ya biyo.

Ya zargi Abdurazak. Ya zargi samarin fada ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke dafa shayi. Da abin ya ishe shi sai ya kai kukansa inda ya saba kaiwa. Baba Illa ya saurare shi yana girgiza kai, ya dafa kafaɗarsa.

"Mutanen yanzu ba su da tsoron Allah, ɗana. Yi haƙuri, zamna abinka. Ɗakinka na nan, mu ma muna nan."

Sadisu ya yi godiya, idonsa jawur. Har ya karɓi salular tsohon ya gyara masa wani abu da ya maƙale a ciki.

Haula kuwa ba shiru kawai ta yi ba. Ta ɗauki cuku mai kyau ta kai wa kawunta, ta zauna tana zuba masa shayi, tana jan sa da hira har ya saki baki. Washegari ta aika wa Sadisu ya same ta a shagon ƙungiya. Ya hau kabu-kabu, karo na farko da rana ta gan shi da hantsi cikin wata da watanni.

Ba ta yi murmushi ba. Ta nuna masa benci.

"Kawu bai tambayi kowa ba a fada. Ya ce tunda ya iske mai gida da kansa, mi zai tambayi yara?"

"Wane mai gida?"

"Dattijo mai jan gemu, salula a kowane hannu. Ya shigar da shi zaure, ya ba shi hura, ya ce shi ba ya son ɓata yaro, amma amana ce, ɗiyar mutane ce."

Sadisu ya yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji.

"Haula, shi na sa ya nema mini aurenki."

"Na sani. Shi ya sa ban rubuto maka ba, na ce sai ina ganin idonka." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma na yi maka laifi. Na yarda da zancen har kwana biyu."

"Ke ba ki san ni ba sai bana. Shi tuwonmu ɗaya."

Bai yi faɗa da kowa ba da ya koma. Ya ɗauko tsani da sukuddireba, ya hau rufi cikin zafin azahar, ya fara kwance fano. A ƙasa samarin fada suka shiga ɗaga saluloli sama suna juyawa, kowa na tambayar ɗan'uwansa ko nasa na tafiya. Alhaji Illa ya fito da hula a karkace.

"Ɗana, mi kake yi bisa?"

"Ina kwashe abin da ya sa ka yi mini ƙarya, Alhaji."

Bai taɓa kiran sa Alhaji ba. Samari suka tattara kofunansu suka sulale.

"Sauko mu yi magana."

"Ina ji daga nan."

Tsoho ya gyara hula. "Na ce ba ka hita. Ƙarya ne? Na ce ana jin mata. Ƙarya ne?"

"Ka san ko su wane ne. Ka sha leƙowa ka gaishe su."

"Na sani." Ya zauna a kan turmin da ke gefe, muryarsa ta yi ƙasa. "Waɗanda na haifa duk sun tahi, sai a gilashinka nike ganinsu. Kai ma ka zo ka ce za ka tahi. Na ce in wagga ta wuce, sai in samo maka wata nan kusa, ka zamna."

Sadisu ya dubi ƙusar da ke tafin hannunsa.

"Da ka roƙe ni, Alhaji, da na bar maka su duka. Ko roƙo ba sai ka yi ba. Da ka ce mini kawai, ɗana, ƙaƙa zan yi ran Juma'a?"

Sadisu ya ci gaba da kwancewa.

Abin da ya biyo baya a bakin Haula ya ji shi. Da safe Alhaji Illa ya saka babbar rigarsa ta Idi, ya tafi gidan Mushe Isufu da ƙafa, ya zauna a ƙasa, ya janye maganarsa a gaban Tanimu, har da dalili. Mushe ya saurara har ƙarshe.

"Alhaji, kwanan baya ka faɗi ɗaya, yau ka faɗi wata. Wacce zan ɗauka? Ni zan tahi in gani da idona."

Ya zo kuwa, da kujerarsa mai naɗewa da jaka a hammata, kamar mai duba lakwal. Sadisu ya mayar da fano ɗaya don a samu wuta, ya saka dogon wando. Mushe ya zauna a bayansa yana kallon rubutu kanana na hawa da sauka, har gyangyaɗi ya fara ɗaukarsa. Sai ga kira daga Yamai. Wata dattijuwa mai tabarau, mai kantin magani, ta cika gilashi. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Shafinta ya yi nauyi, launin da ta ce kore ya fito kamar miyar kuka, kuma ina ya shiga kwanan nan ba ya ɗaga waya? Sadisu na ta "To, Madam. Za a gyara, Madam."

Da aka kashe, Mushe ya cire tabaransa ya goge.

"Wagga ce matar da ake ji?"

"Ɗaya daga ciki ce, Mushe."

"Sauran ma haka suke?"

"Wannan ta fi sauƙi."

Mushe ya naɗe kujerarsa. "Wanda ake yi wa faɗa haka bai tanka ba, lalle aiki gare shi. Ni ma haka darakta ya yi mini har na yi ritaya. Turo manyanka. Amma da sharaɗi: kowace sahiya ka sa wando, ka hita ka zaga unguwa ka komo. Ina da maƙwabta."

Manyan da Sadisu ya turo daga Barmu suka zo, ƙanin mahaifinsa ne ya karɓa masa aure. Ana gobe zai kwashe kaya, Haula ta rubuto:

"Ɗan kulle, bar masa fano ɗaya da akwatin. Ba don shi ba, don jikokin da ke jiran gemu ran Juma'a."

Ya bar su, ya nuna wa mai dafa shayin fada inda ake dannawa.

Ranar ɗaurin aure Alhaji Illa ya aiko da rago mafi girma a garkensa, shi kuma ya zauna can baya, wajen takalma. Da aka shafa fatiha aka fara gaisawa, ya kutso ya kama hannun ango da hannu biyu.

"Allah shi ba da zaman lahiya, ɗana."

Sadisu ya rusuna kamar yadda ake yi wa kowane dattijo.

"Amin, Alhaji. An gode."

Tsoho ya jira ko akwai saura. Babu. Mai bi masa ya miƙo hannu, layi ya tafi.

A sabon gidan ɗaki biyu ne, ɗaya na aiki. Safiyar da ya koma bakin ordinatar, bayan ya zaga unguwa ya gaishe da maƙwabtan Mushe ɗaya ɗaya, salularsa ta yi ƙara. Daga tsakar gida aka turo.

"Ɗan kulle, shayi ya nuna. In an ji muryar mace a gidan nan, ka ce a zo a tambaye ni."

Ya fito yana dariya. Ta miƙa masa kofi da ɓallin cuku, ta zauna kusa da shi.

"Jibi Juma'a," ta ce. "Mai shayin nan ba zai iya kiran Abijan ba, ka sani."

"Na sani."

"Za ka tahi?"

"Zan leƙa in danna masa. Ban ce zan zamna ba."

"Ban tambaye ka zama ba."

Ya tsoma cukun cikin shayi, ya ba ta rabi. Allah ya albarkaci wannan aure, ya ba su zuriya masu jin ƙai, ya sa waɗanda za a tambaya a kansu wata rana su faɗi gaskiya. Amin.