Tabon Kurkum a Farar Riga

Ranar da ta fara shiga shagonsa na wanki da guga, ta shimfiɗa farar rigar aikinta a kan tebur, gaban rigar duk ya rine ruwan ɗorawa. Gogan naku, mai cika bakin babu tabon da ya taɓa gagararsa, ko kallon rigar bai yi ba. Mai rigar yake kallo.

Sau uku yana wankewa, tabo na nan daram. Sai ya tura mata saƙo: "Gwaiduwata, rigarki ta kunyata ni. Me kike zuba mata?"

Ta amsa: "Sinadarin kurkum ne, Sarkin Kumfa. A ɗakin gwaji nake ɗiga shi kan ƙwayoyin cutar kansa, in ga ko za su mutu. Gobe ma akwai wata rigar."

Tabo dai bai fita ba, amma zance ya yi nisa.

Da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa ta ce atafau. Yarinyar da ke kiwon cutar kansa a faranti, har da ba ta abinci? Ba dai a zuriyarta ba. Ciwon nan ne ya ɗauke mata ƙanwa, ko sunansa ba ta son ji. Ta shiga jera masa 'ya'yan ƙawayenta. Bawan Allah ya rame, a mako guda ya ƙona wandunan mutane biyu.

Yarinyar ta roƙi Mama ta zo ɗakin gwajin ta gani da idonta. Ta zo ɗin, hanci a toshe, ta ƙi zama. Da ƙyar ta leƙa madubin da ke ƙara girman abu.

"Waɗannan da suka yamutse fa?"

"Mutuwa suke yi, Mama. Amma a faranti ne kawai. Da sauran aiki kafin a kira shi magani."

Mama ta daɗe ba ta ɗago ba. Shekara tara tana tsoron abin nan, yau ga shi yana jin jiki. Ta share ido, ta miƙa hannu.

"Ba ni abin ɗigawar, 'yata. Ni ma zan ɗiga masa."

Ranar ɗaurin aure ta sa musu albarka har muryarta ta dishe, sannan ta kama kunnen ango.

"Duk ranar da ka sa 'yata ta makara wurin aiki, ni da kai ne."