Kar Ki Taɓa, Auta

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata budurwa ce, Auta ake ce mata, ta gaji kwamfutar yayanta marigayi, mai zanen gine-gine. Zanensa na ƙarshe na ciki, ba wanda ya taɓa gani, ya yi wa tsohon katin da ke fito da hoto a allon nauyi. Ta sa sabo. Tun daga ranar, da ta taɓa zanen sai fankar kwamfutar ta yi wani irin kuka, allon ya yi baƙi, ɗakin ya yi tsit.

Umma ta ce, "Ba ya so. Ki bar min yaro ya huta."

Auta ta kai kwamfutar wurin mai gyara. Ya buɗe murfin, ya ɗago ya dube ta, sukundireba ta suɓuce masa.

"Malama, ba fatalwa ba ce, yunwa ce. Akwatin da ke ba ta wuta ƙarfin wat ɗari uku yake bayarwa, katin nan sai ɗari shida. Da aiki ya yi nauyi sai ya sume. A canja shi."

"Ba za a canja ba."

Sai ya ga rubutun biro a jikin akwatin, wanda yayanta ya yi tun tana ƙarama: Kar ki taɓa, Auta.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Na ga rubutun. Ki yafe min, na yi magana kamar ƙarfe ne kawai."

Ta amsa: "Na yafe, likitan yunwa."

Ku dai kun san sauran. Wata uku ana saƙo, har ya koma kiranta Hasken Allona. Amma Umma ta kafe: "Mai son cire hannun ɗana daga ɗakin nan ba zai zama surukina ba."

Mai gyara ya zo da hantsi ya durƙusa. "Umma, in aka ci gaba da takura wa akwatin nan, wata rana zai ƙone, zai iya tafiya da zanen. Ba jefarwa zan yi ba. A hannunki zan sa shi."

Can Umma ta miƙa hannu biyu.

Ya kwance tsohon, ta rungume shi kamar jariri. Ya ɗaura sabo, ya jona igiyar katin. Auta ta danna zanen. Fanka ta taso, kowa ya riƙe numfashi.

Allon bai mutu ba.

Gida ne marigayin ya zana wa Umma. A kan wani ɗaki ya rubuta: Na Auta da mijinta, in an samu mai haƙuri da ita.

Umma ta yi dariya tana share hawaye. "To, ga shi an samu. Allah Ya yi muku albarka."

An ɗaura aure bayan wata biyu. Mai gyara na nan a shagonsa, Auta ta koyi zane tana ƙarasa gidan, tsohon akwatin kuma yana cikin durowar Umma, a naɗe da ɗankwali.