Fasinjojin Bene

Ranar Asabar dab da magariba muka sauke 'yan biki a unguwar Brixton, muka kamo hanyar gareji. Motarmu jar bas ce mai bene, ta zamanin da, wadda ba ƙofa a bayanta, sai dandamali da sandar riƙewa. Yanzu sai haya ake yi da ita. Kawu Fitzroy ke tuƙi, ni ne kwandasta. Aikin babana ke nan shekara talatin, kafin mu binne shi wata biyu da suka wuce.

Tun ranar, ban ƙi a ce na bi shi ba.

"Errol, hau ka share bene," in ji Kawu ta 'yar tagar direba. "Ka tsaya zuru kamar wanda aka ƙwace wa budurwa."

Na ɗauki tsintsiya. Sai ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Ɗaya, wato a tsaya.

Kawu ya taka birki. Direba ba ya ganin baya, ƙararrawa yake bi. Ni kuwa ban taɓa igiyar ƙararrawar ba.

Dandamali ya ɗan nutsa. Takun takalma ya cika matakala, ban ga kowa ba. Ƙararrawa sau biyu, wato a tafi. Mota ta tashi.

Na hau bene.

Warin taba, jiƙaƙƙun kwat, man gashin babana. Kujeru maƙil. Ba mai juyowa. Ga sanyi, amma ko gilashi ɗaya bai yi tururin numfashi ba.

Ƙirrr. Injin tikiti.

Babana ne, yana tahowa tsakanin kujeru, hularsa a karkace.

"Baba," na ce a hankali. "Yankar min. Duk inda za ku."

Wata tsohuwa ta matsa min wuri. Yatsunta suka kama hannuna, da sanyi kamar ƙarfen da ya kwana a waje.

Na fara zama.

Baba ya fizgi igiya sau uku. Uku, wato ba sauran wuri.

"Ta cika, yaro. Sauka."

Ya ture ƙirjina. Na gangara matakala, na cafke sandar, ƙafata na jan kwalta. Ihuna ne ya tsayar da Kawu.

"Ubanka kaɗai ke buga uku da fushi haka," in ji shi.

A gida na cinye shinkafa da waken da Mama ta ajiye min, har na nemi ƙari. Ta daɗe tana kallona, ludayi a hannu. Sannan ta ƙara min.