Lambar Yaya Nura

Ka gan ta, kada ka musa. Ranar Asabar da hantsi ta ratsa layin masu gyaran waya na Zongo, rungume da konsol ɗin wasan bidiyo naɗe cikin tsohon mayafi, tana shiga shago tana fita. Ka ji abin da take tambaya, ka ce a ranka kayan wasan yara ne, ka mayar da ido kan wayarka. Haka muke a Yamai. A sayar mana da abu, a riƙe makullinsa a wata ƙasa, mu ce Allah ya kyauta mu wuce.

Sunanta Samira, 'yar Alhaji Garba mai atamfa a Wadata, tana shekara ta biyu a jami'a. A shago na bakwai ta tarar da Sadiƙ, dogon saurayi mai sanyin magana, turnabis ɗin kwance sukuru saƙale a bayan kunne, tsofaffin faya-fayan wasa jere a bango har sama.

"Sannu da aiki. An ce kai ne ke gyaran konsol."

"Haka suke cewa in sun rasa yadda za su yi da mutum. Mi ya same ta?"

"Ba ta lalace ba. Ƙina kawai ta yi."

Ya yi murmushi ya haɗa ta da tele. Na'urar ta nemi koneksiyon na intanet, ya ba ta daga wayarsa. Sai ta ce ta daɗe a kashe, don haka ta aika kod, wato lambar sirri, zuwa lambar wayar mai ita.

"Ai da sauƙi. Kira mai lambar ya karanto maki."

"Ta yayana ce, Nura. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Wayar ta tafi a hatsarin."

Sadiƙ ya cire turnabis ɗin daga kunne ya ajiye. "Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini."

Ya jawo mata kujera, ita kuma ta samu kanta tana faɗa wa baƙo abin da ba ta faɗa wa ƙawayenta ba. Shekara biyu Yaya Nura ya yi yana gina ƙungiyar ƙwallo a cikin wasan, kowane ɗan wasa da fuskar wani na gida. Ita ce kapiten. Mahaifinsu kuwa shi ne gola. Amma Alhaji bai taɓa gani ba, don ya tsani na'urar. Kwana uku kafin hatsarin ya ce wa Nura, "Ka fi son akwatin nan a kan ubanka." Ba su shirya ba har aka kawo gawa. Tun daga ranar Alhaji ba ya cin abincin kirki, kuma ya hana a ambaci wasan a gidansa.

"So nake ya gani da idonsa, ko sau ɗaya," in ji ta. "In na faɗa da baki zai ce lallashi ne."

Sadiƙ ya zare faifan Nura ya sa a tasa na'urar. Ta ƙi, ta ce an riga an ɗaure faifan ga wanda ya fara saye.

Ya nuna mata bango. "Waɗannan na da ne. Ka ara wa aboki, ka yi musaya, ka bar wa ƙanenka. Na yanzu faifan yana hannunka amma izini yana wajensu." Ya karanta wata sanarwa a ƙasan allo. "Akwai kuma wata matsala. Kamfanin zai rufe wannan wasan nan da mako shida. Daga nan ba zai ƙara buɗewa ba, ko da kod."

Ta fara naɗe mayafinta.

"Bar ta a nan, Kapiten. Ban yi maki alkawari ba, amma ban gwada komai ba tukuna."

Ba wanda ya ƙara kiranta da wannan suna tun rasuwar Nura. Ta ɗago ta dube shi da kyau a karon farko.

Daga nan saƙo ya fara.

"Kapiten, na gwada hanya biyu yau, duk sun ƙi. Kin ci abinci?"

"Na ci, Malam Turnabis. Kai fa, ko wayoyin wuta kake ci?"

"Da yaji. Gobe in kin fito daga jami'a ki biyo ki duba marar lafiyarki."

Tana biyowa. Ya koya mata wani tsohon wasan tseren mota da ba ya neman izinin kowa, ta cinye shi sau huɗu a jere, ya ce manet ɗinsa, abin juya wasan, ita ce ke da ciwo. Wata rana bayan sun gama dariya ta ce masa har yanzu duk Juma'a tana rubuta wa Yaya Nura saƙo a lambarsa. Ta san ba mai karantawa. Tana samun sauƙi ne kawai.

Da yamma Sadiƙ ya rubuto:

"Ban san Nura ba, amma na san ya yi sa'ar ƙanwa. Ina son in zo gida in gaida Baba, in kin yarda. Ba don konsol ba."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta amsa.

"Na yarda. Amma ka cire abin nan daga kunne kafin ka shigo."

Mahaifiyarta Inna Salamatu ce ta kai maganar wajen Alhaji. Bai ma bari ta ƙarasa ba.

"Mai gyaran wasa? Akwatin da ya raba ni da ɗana shi zai kawo mini suruki? Ga Jamilu ɗan aminina, mutum da kantinsa, ya yi shekara yana nema."

Jamilu ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da ke ganin kowace damuwa sabon kaya ke maganinta. Da ya ji labarin konsol ɗin, washegari sai ga shi a gidansu na unguwar Bobiel da sabuwar konsol a kwali.

"Wannan ta fi waccan nesa ba kusa ba. Ki jefar da tsohuwar ki huta."

"Yayana yana cikin wannan?"

"Haba Samira, wasa ne fa."

Ta mayar masa da kwalinsa har mota. Ransa ya ɓaci, kuma bayan mako guda ya turo mata hotuna uku. Sadiƙ ne a ƙofar shagon wata mai ɗinki a Wadata, kowane hoto da riga daban, a na ukun har da ledar lemo a hannunsa. Ƙasa ya rubuta: "Sunanta Rahina. Ga inda mai gyaranki yake yini."

Samira ta tura wa Sadiƙ hoton.

"Wace ce wannan?"

"Kapiten, ki ba ni kwana biyu, zan yi maki bayani."

"Wanda bai yi laifi ba ba ya neman kwana biyu. Ka ajiye mini kayana, zan aiko."

Ya kira sau shida, ba ta ɗauka ba. Ranar Juma'a ta rubuta wa Yaya Nura: "Yaya, na yi zaton na samu wanda zai taimake ni a kan Baba. Ashe ban iya zaɓe ba. Saura kwana goma su rufe ƙungiyarka."

Ranar Asabar ta hau kabu-kabu zuwa Wadata. Ba faɗa ya kai ta ba, in ji ta a ranta, so take kawai ta ga fuskar. Ta tarar da mace mai jiki, ta girme ta da 'yan shekaru, tana taka keken ɗinki da allura a baki.

"Fofo, 'yar'uwa. Ɗinki ne?"

"Ke ce Rahina? Na zo ne a kan Sadiƙ na Zongo."

Rahina ta zare allurar. "Ɗan damfarar nan? Ke ma ya biyo ki? Sau uku yana zuwa, wai kod zai shigo wayata in karanta masa. Ni za a yi wa wannan? Da haka aka kwashe wa maƙwabciyata jarinta. Har lemo ya kawo mini. Na sha lemon, kod kuwa sai dai ya gani a mafarki."

"Kod a wayarki? Mi ya haɗa ki da shi?"

"Wai lambar ta wani mamaci ce kafin a sayar mini da pus ɗin, layin nan da ke wayata. Kin ji ƙarya da ƙafafu." Ta ɗan dakata. "Ko da yake akwai wata yarinya da ke rubuto saƙo duk Juma'a. Yaya kaza, Yaya kaza. Ban taɓa amsawa ba, na rasa abin da zan ce mata. Jiya ma sai da ta sa ni hawaye a kan keke."

Samira ta dafa teburin yanka. Lamba ta yi wata da watanni ba a amfani da ita, an sake sayarwa, ita ba ta sani ba. Sadiƙ ya kira ya gano, ya kasa faɗa mata cewa wata ce ke karanta hirarta da yayanta.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ni ce Samira."

Rahina ta miƙe, keken na juyawa shi kaɗai. Ta rungume ta a tsakiyar ƙyallaye. Can ta goge ido da gefen zane ta ce, "To wannan bawan Allah gaskiya yake faɗa. Wayyo, har tsintsiya na ɗaga masa."

Tun a kan hanya Samira ta rubuta:

"Malam Turnabis, na je wajen Rahina. Ka yafe mini."

"Ni ne da laifi, na ɓoye maki. Tsoro na ji kada in raba ki da Juma'arki. Ta yarda?"

"Ta yarda. Ta ce kuma lemon ya yi tsami."

Lahadi bayan la'asar suka haɗu a falon Alhaji. Sadiƙ ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Da ya ga abin da ake haɗawa da tele sai ya miƙe zai fita.

"Alhaji," in ji Inna, "baƙuwar nan ta rufe shagonta ta zo daga Wadata saboda kai. Ko don ita ka zauna."

Ɗan kasuwa ya san abin da rufe shago yake nufi. Ya zauna a bakin kujera.

Kod ya shigo, Rahina ta karanto da ƙarfi, lamba bayan lamba. Allo ya buɗe. 'Yan wasa suka fito fili cikin koren riguna, Samira tana nuna su: ga ta nan, ga kawu, ga direban gida. Sannan ta matso da hoton mai tsaron gida. Furfura a gemu, tabon sallah a goshi, har ɗan karkacewar kafaɗa irin ta Alhaji. A bayan rigar an rubuta BABA.

"Wannan lambar ta gefe ƙarfin ɗan wasa ce," in ji ta. "Ba a wuce casa'in da tara. Kai kaɗai ya ba. Cewa yake ba abin da ke wuce Baba."

Alhaji ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Shi yana ina?"

"Ga shi nan, lamba biyar. Kullum nan yake sa kansa, a gabanka."

Alhaji ya miƙa hannu kamar zai taɓa gilashin. A daidai lokacin koneksiyon ya yanke, kamar yadda ya saba yi a Bobiel. Fili ya ɓace, rubutu ya fito yana neman a sake haɗawa.

"Ina suka tafi? Yaro, dawo mini da su."

Sadiƙ ya fita tsakar gida yana ɗaga waya sama har ta kama. Da suka dawo Alhaji ya juyo gare shi.

"Za ka iya ajiye mini wannan ya zauna?"

Samira ta dubi Sadiƙ. Kalma ɗaya mai daɗi za ta iya saya masa zuciyar tsohon nan.

"A'a, Baba. Na gwada duk abin da na sani. Saura kwana takwas su rufe. Sai dai mu ɗauki hoton allon da waya."

"Nura bai biya ba ne?"

"Ya biya, har faifan ga shi."

Alhaji ya girgiza kai. "Shekara talatin da biyar ina sayar da atamfa. Ban taɓa bin mace gida ina tambayarta kowace safiya ko ita ce ta saya ba. In ta rasu 'yarta ta ɗaura. Wannan ba ciniki ba ne." Ya share fuska da tafin hannu. "Da ka ce za ka iya, da na yarda, da kuma ka cuce ni. Wane ne mahaifinka?"

"Malam Amadou, na Zongo."

"Ka ce masa ina jiran magabatanka."

Kwana takwas ɗin nan Alhaji ya riƙa dawowa daga kasuwa da wuri. Sadiƙ ya koya masa riƙe manet, Rahina ta zama 'yar gida, Inna ta lura kwanon tuwo ya fara dawowa wayam. Rana ta tara allon ya ce an rufe wasan, an gode. Alhaji ya yi wa ɗansa addu'a ya tashi ya kama alwala.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Bobiel, aka raba goro da dabino. Rahina ce ta ɗinka kayan amarya, ta rantse ba za ta karɓi ko dala ba. Da za a tafi da Samira, Alhaji ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi maku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa ku riƙe wa juna gaskiya ko da ɗaci." Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.

Amin, mu ma mun ce. Amma aikin shekara biyu na Nura ya tafi, kuma gobe na wani ne. Don haka ran da ka shiga sayen konsol ko faifai, yi wa mai shago tambaya biyu: in koneksiyon ya yanke tana aiki? In na ba ɗan'uwana, ko na mutu na bar masa, za ta buɗe? In ya ce a'a, ajiye masa kayansa a kan tebur, ka faɗi dalilinka da ƙarfi yadda na bayanka a layi zai ji.