Finjali na Uku

"Saboda gahawa?" Fitsum ya ja ya tsaya a bakin titi. "Mahlet, saboda gahawa mahaifiyarki ta ce ba za ta ba ni ke ba?"

"Saboda ka tashi kafin zagaye na uku."

"Fasinja ne ya kira ni... tasi nake ja fa, ba sarauta ba!"

Na ce masa ni ma na faɗa mata haka. Emaye, wato mahaifiyata, ba ta yi faɗa ba, dama ita ba ta ɗaga murya. Cewa kawai ta yi ta taɓa ganin ƙeyar irinsa.

Mun daɗe a Nairobi, amma zuciyar Emaye ba ta taɓa baro Jimma, garinmu na Habasha, ba. Mutanen Nairobi a tsaye suke shan gahawa suna sauri, ni ma haka nake yi a asibitin da nake aikin jinya. Ita kuwa kullum da rana sai ta watsa ɗanyar ciyawa a tsakar ɗaki, ta sa turaren wuta, ta soya gahawarta, ta daka, ta dafa a jebena, butarta ta ƙasa. Sau uku ake zubawa, na ukun shi ne na albarka.

Ina goye mahaifina ya tafi Jidda neman kuɗi, bai sake dawowa ba. Ranar tafiyar ya tashi bayan na biyu, ya ce a ajiye masa na ukun. Har yau finjalinsa yana kife a gefen faranti, ba mai taɓa shi.

Fitsum bai san wannan ba. A nan ya girma, sunansa ne kawai na gida. Sai a ranar na ba shi labarin.

Ana haka ya samu aikin tuƙi a wani kamfani a Kampala, aikin da ya daɗe yana nema. An ce ya bayyana Litinin da safe ko a ba wani. Na roƙi Emaye ta sake karɓarsa, ta ce ya zo Lahadi, ranar da motar da zai shiga zuwa Kampala za ta tashi da yamma. Ta san da motar, ni na faɗa mata.

Ya zo da jakarsa, ya gaishe ta, ya zauna.

Ban taɓa ganin Emaye ta yi nawa irin ta ranar ba. Sai da ta tsince gahawar kamar mai tsintar shinkafar biki. Ta soya, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin. Ta tambaye shi dangin uwa, ta koma dangin uba. Shi kuwa yana ta cin gugguru.

Aka sha na farko. Aka sha na biyu. Sai Emaye ta ce gawayi ya mutu, a hura sabo.

Na kalli agogo, na ji haushinta har wuya. Ina son Fitsum, kuma na san wahalar da ya sha kafin aikin nan.

"Tashi ka tafi, masoyi," na ce a hankali. "Motar ba za ta jira ka ba... ni zan jira."

Ya dube ni, ya dubi jakarsa. Ya miƙe.

Emaye ba ta ɗago ba. Amma na ga hannunta ya tsaya a kan jebenar.

Ya ɗauki jakar, ya tura ta bayan ƙofa, ya cire takalmansa, ya durƙusa gaban murhun.

"Emaye, ku ba ni maficin. Hayaƙi zai dame ku."

Ta miƙa masa. Bai iya ba, toka ya riƙa tayarwa har ta hau masa gira. Ta ce ko ɗan akuya ya fi shi iya hura wuta. Ya ce shi ya sa yake neman mata.

Sanda ruwan ya tafasa, motar Kampala ta daɗe da tashi. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu har ta gaji. Aikin kam ya wuce shi, washegari tasi ya koma.

Emaye ta zuba nawa, ta zuba nata. Fitsum ya miƙo finjalinsa, ta kawar da shi gefe. Ta kai hannu ta ɗauko wanda ke kife, ta goge shi da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta cika shi, ta ba shi da hannu biyu.

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai ruwa ne zalla, Emaye."

"Haka na uku yake, ɗana," in ji ta, hawaye na bin kumatunta. "Ba don daɗinsa ake zama ba. Shanye, ya daɗe yana jira."