Ƙarar da Bappa Ilu Kaɗai Ke Ji

A garin Ɗanzomo akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, amma bakinta ba ya riƙe magana. Duk abin da ta ji a gida sai ta kai wa ƙawayenta.

Ƙanen mahaifinta, Bappa Ilu, yana da injin niƙa a bakin kasuwa. Tun kafin a haife ta yake wannan sana'a. Kullum yana tsaye kusa da injin, yana niƙa gero da dawa. Mutum ne mai shiru-shiru, kowa na ganin girmansa.

Wata rana da yamma ta kai masa abinci. Ta same shi zaune a kan tabarma, ya dafe kunne.

"Bappa, lafiya?" in ji ta.

"'Yata, saurara. Kina jin kukan gyare?"

Ta kasa kunne. Ba ta ji komai ba sai kukan awaki.

"Babu gyare, Bappa."

Ya yi ajiyar zuciya. "To, ni ina ji. Ko na kashe injin, ƙarar ba ta barin kunnena. Har barci take hana ni."

Washegari a makaranta ta tara ƙawayenta. Ta ce, "Bappana yana jin abin da babu mai ji sai shi." Ta kwaikwayi yadda yake dafe kunne. Yara suka yi dariya. Dariyar ta yi mata daɗi, sai ta ƙara gishiri. Ta ce, "Har hira yake yi da abin."

Yara suka kai maganar gidajensu. Kan a jima ta canza kama. Wasu suka ce aljanu ne suka shige shi. Wasu suka ce ya taɓu. Mata suka daina aika masa da niƙa. Yara kuwa sai su tsaya daga nesa suna kwaikwayon kukan gyare, in ya juyo su gudu.

Bappa Ilu ya rufe injin. Ya daina fita sai masallaci. Ya rame, ya ƙara yin shiru.

Yarinyar tana ganin duk wannan. Abinci ya daina yi mata daɗi. Da ta kasa jurewa, sai ta je ta durƙusa a gaban Bappa, mahaifinta na zaune a gefe.

"Bappa, ni ce na fitar da maganar. Har na ƙara da ƙarya."

"Na sani," in ji Bappa a hankali. "Ke kaɗai na gaya wa."

Ta fashe da kuka. Da dukanta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Mahaifinta ya ce, "Bappanki ciwo ya nuna miki, ke kuma kika mai da shi abin dariya. Gobe zan kai shi asibiti a Gumel. Tare za mu tafi, ki ji gaskiya da kunnenki."

A asibiti likita ya haska kunnen Bappa, ya auna jininsa. Ya tambaye shi sana'arsa.

Sannan ya ce, "Malam Ilu, hankalinka ƙalau yake. Ƙarar injin ta shekara da shekaru ce ta raunana can cikin kunnenka. In haka ta faru, sai mutum ya riƙa jin ƙarar da babu ita a waje. Mutane da yawa suna fama da wannan."

Yarinyar ta ce, "Likita, injin ne kaɗai ke kawo ta?"

"A'a. Dattin da ya toshe kunne yana kawo ta. Haka ciwon kunne, da hawan jini, da tsufa, da wasu magunguna. Ku yara ma, in kuna ƙure sautin waya a kunne, za ta iya samun ku."

"Za ta daina?" in ji Bappa.

"Mai yiwuwa ba za ta ɓace duka ba, amma za ta yi sauƙi. Ka riƙa sa abin toshe kunne kafin ka tada injin. Ka riƙa fita kana hutawa. Kada ka sa tsinke ko gashin kaza a kunne. In za ka kwanta, ka kunna rediyo ƙasa-ƙasa, zai ɗauke maka hankali daga ƙarar. Kuma ka rage damuwa, don damuwa tana ƙara ta."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta san wadda ta jawo masa damuwar.

Da ta koma makaranta, ta gaya wa malamar ajinsu, Malama Lauratu, komai. Ta roƙi izinin yi wa aji magana. Ta tsaya a gaban aji, ta ce:

"Abin da na faɗa a kan Bappana ƙarya ne. Ba ya hira da kowa. Ciwon kunne ne, likita ya tabbatar."

Malama Lauratu ta ce, "Kamar yadda kuka kai ƙaryar gida, yau ku kai gaskiyar."

Gaskiyar ba ta yi saurin ƙaryar ba, amma ta isa. A hankali mata suka dawo da niƙansu. Bappa ya buɗe injin, da abin toshe kunne a kunnensa. Barcinsa ya gyaru, jikinsa ya murmure.

Ran nan yarinyar ta kai niƙan gidansu. Bappa ya kashe injin, ya yi murmushi.

"Na yafe miki, 'yata. Amma ki matsa can nesa kafin in tada. Kunnenki sabo ne, ki kula da shi."

Tun daga nan ta gane cewa ciwon wani ba abin dariya ba ne. Wanda ya gaya maka damuwarsa, amana ya ba ka. Kuma kunne ni'ima ce, a kare shi daga ƙara mai ƙarfi, in ya dame ka a je asibiti.