Manomiyar Ɗakin Wankin Ƙoda

Hannunta na cikin ruwa lokacin da ta fara jin muryarsa. Sana'arta ke nan, shuka lambu a cikin tankin kifi na gilashi: ta shimfiɗa ƙasa da tsakuwa, ta jingina duwatsu, ta dasa ciyayin ruwa ɗaya bayan ɗaya da dogon hantsaki. Duk Talata takan je ɗakin wankin ƙoda na wani asibiti ta rage wa ciyayin tankinsu tsawo, ta kankare gansakuka, ta sauya ruwa.

Daga kujera ta uku ta majinyata ya tambaye ta lita nawa tankin ke ci. Ta ce ɗari biyu. Ya yi murmushi da busassun leɓɓansa, ya ce shi kofi biyu likita ya yanka masa a yini, ashe kifi ya fi shi gata.

Malamin makaranta ne, shekararsa uku ana ɗora shi kan na'urar wankin ƙoda. Shi ya raɗa mata suna Manomiya. Aikin da take gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin awa huɗu, daidai tsawon wankinsa. Ta nuna masa yadda ake sa gajerun ciyayi a gaba, dogaye a baya, don ido ya ga kamar dajin na da nisa. Shi kuma bai ɓoye mata komai ba: kumburin ƙafa, aman bayan wanki, da abokan kujera biyar da ya ga an daina kawowa.

Wata safiya ya rubuto mata: "Manomiyata, ba ni da lafiyar da zan yi miki alkawari da ita. Amma ina sonki, na gaji da haɗiye maganar."

Ta mayar masa: "Malamina, ai ka makara. Ni na riga ka tun watan jiya."

Mahaifinta, wanda ya rene ta shi kaɗai, ya saurari maganar aurensu har ta dire, sannan ya ce bai yarda ba. Shekara huɗu ya yi yana jinyar mahaifiyarta, yana juya ta yana wanke ta, kafin ta rasu. Ya ce ya san abin da take shirin ɗauka, ba zai miƙa mata shi da hannunsa ba.

A ɓoye ta je aka gwada ta ko za ta iya ba Malam ƙoda ɗaya. Ba su dace ba. Tana zaune a matattakalar asibitin da takardar a hannu saƙonsa ya shigo: "Ki yafe mini. Kada ki sake nemana. Allah ya haɗa ki da mai lafiya."

Ta kira, wayar a kashe. Talata ta zagayo, ta shiga ɗakin da bokitinta, ta tarar da wata tsohuwa a kujera ta uku. Ta san abin da hakan ya saba nufi. Ta zube a gindin tankin. Wata nas ce ta ɗago ta, ta ce yana raye, ranarsa kawai ya mayar Laraba, tun bayan da wani dattijo ya zo suka yi magana ƙasa-ƙasa.

Ta sami mahaifinta yana gyaran ƙafar kujera a tsakar gida. Ta durƙusa.

"Baba, da an faɗa maka tun farko cewa haka Mama za ta ƙare, da ka fasa aurenta?"

Ya ajiye gudumar hannunsa.

"Da ban fasa ba. Shi ya sa nake jin tsoro."

Ranar Laraba da kansa ya koma asibitin. Ya zauna kusa da Malam awa huɗu cur, yana kallon jini na fita yana komawa. Da aka cire allurai jiri ya ɗebi Malam, dattijon ne ya tallafe shi har bakin mota. Nan ya ce masa ya turo magabatansa.

Auren ba shi da taro. An tsayar da ranar da ba ta wanki ba, duk da haka ango a zaune ya karɓi gaisuwa. Har lokacin ba a samu mai ba shi ƙoda ba, likita kuma bai yi musu alkawarin komai ba.

Da za ta tafi, mahaifinta ya riƙe hannunta. Ya ce ta riƙa cin abinci ko ba ta jin yunwa, ta yi barci in ya yi barci, kuma ranar da ta gaji kada kunya ta hana ta kiransa, shi ya san aikin. Sannan ya juya ga surukinsa.

"Ɗana, ga ta nan. Kwanakin da Allah ya ba ku, masu yawa ne ko kaɗan, ya sa musu albarka."

Malam ya sunkuyar da kai. Ita ce ta amsa da amin, a madadinsu su biyu.